Sun shigo da dariya, sun fita ba mai magana: kukan me muka yi?

Matafiyi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci min rai, yau na ce bari in sauke ta a gabanku ko da za a yi min caa. Ku yi haƙuri da tsawon zance, sai na ba da labarin kafin tambayar ta fito.

A watan Janairun 2006 ina karatun kiwon dabbobi a jihar Nebraska ta Amurka, wadda ta yi iyaka da Wyoming daga yamma. Sanyin lokacin ba a magana, numfashinka ma kana ganinsa yana tashi kamar hayaƙi. Wata Asabar da yamma abokin ɗakina, Ba'amurke ɗan gidan manoma, ya ce in taso mu je silima. Na ce wane fim? Ya ce na kaboyi ne, har da tumaki a ciki, tunda ni ɗalibin kiwo ne ai zan ƙaru. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ashe Brokeback Mountain ne, na darakta Ang Lee, wanda a lokacin duk ƙasar ta ɗauka da maganarsa. Ni kaina yana cikin littafi, ban san wainar da ake toyawa ba.

Ga wanda bai gani ba: samari biyu ne, Ennis da Jack, aka ɗauke su kiwon tumaki a kan wani tsauni a Wyoming a shekarar 1963. Su biyu kaɗai a can sama, sai dawakai da karnuka da garke. Soyayya ta shiga tsakaninsu. Aiki ya ƙare, kowa ya kama gabansa, ya yi aure, ya haihu. Bayan shekara 4 suka sake haɗuwa, daga nan suka riƙa haɗuwa jefi-jefi da sunan tafiya kamun kifi, har abin ya cinye shekara 20. Jack yana so su kama 'yar gona su zauna tare, Ennis ya ce faufau. A ƙarshe Jack ya mutu yana ɗan shekara 39.

Ba fim ɗin na zo yi muku bayani ba, mutanen da muka kalla tare ne suka tsaya min a rai. Ɗakin ya kusa cika. Mata sun fi yawa, wasu da mazajensu, wasu ƙawaye ne rukuni-rukuni. A layin bayanmu samari huɗu ne, daga gani 'yan jami'a, sun zo da shirin shegantaka. A hannun damana kuma wani dattijo ne shi kaɗai, zai haura 70, ya cire hular kaboyinsa ya ɗora a gwiwa. Tun kafin a kashe fitila na lura da hannuwansa, duk sun tsattsage, irin na wanda ya yi shekaru yana fama da igiya da wayar shinge cikin sanyi. Bai sayi gugguru ba, bai sayi lemo ba.

Kusan rabin awar farko lafiya lau, duwatsu ne da tumaki da mutum biyu marasa son magana. Har na fara jin daɗin yadda karnuka ke juya garken. Sai aka zo daren da sanyi ya koro Ennis cikin tanti. Ɗaki ya ɗauki dariya, ba ta nishaɗi ba, irin wadda mutum yake yi idan ya rasa inda zai sa idonsa. Ɗaya daga samarin baya ya yi fito. Wani mutum a gaba ya miƙe ya ja hannun matarsa suka fice, rigar sanyinta tana jan ƙasa. Ni ma hannuna yana kan tawa rigar. Na juya na harari abokina, ko kallona bai yi ba. In faɗa muku gaskiya, ba wani zurfin tunani ne ya zaunar da ni ba. Da motarsa muka zo, makulli yana aljihunsa, waje kuma ƙanƙara.

Dariya ta biyu ta zo ne inda Alma, matar Ennis, ta buɗe ƙofa ta hango mijinta rungume da Jack a gindin bene. Wannan karon har da mata aka yi. Amma kamara ta ƙi barin fuskar matar. Ta tura ƙofa a hankali, ta koma ciki, ta rasa inda za ta tsaya a ɗakinta. Kana jin dariyar tana mutuwa layi-layi, kamar ana rage muryar rediyo. Daga nan ɗakin bai sake motsi ba, in ban da wurin da Jack ya daka wa surukinsa tsawa a kan maganar kunna talabijin, inda wasu har da tafi. Mutanen da suka yi masa dariya awa ɗaya baya, su ne kuma suke tafa masa.

Sai ƙarshe. Katin da Ennis ya aika ya dawo masa da hatimin gidan waya cewa mai shi ya rasu. Ya je gidan iyayen Jack, uwar ta ce ya hau sama ya ga ɗakin ɗanta. A lungun kabad ya tarar da riguna biyu a hanga ɗaya: tasa da yake zaton ya manta a kan tsauni shekara 20 baya, da jinin damben da suka yi ranar rabuwa a hannunta, an cusa ta cikin rigar Jack. Nan na ji numfashin dattijon nan ya sauya. Ban kalle shi ba, na ji nauyi. Amma hular da ke gwiwarsa rawa take. Can kuma na ji tawa fuskar a jiƙe, ni da na gama harara ɗazu.

Aka kunna fitila. Samarin baya suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce uffan, ɗayansu ya ja hular rigarsa ya rufe kai. Dattijo bai tashi ba. Mai shara ta zo da tsintsiya ta tsaya a bakin layi tana jira, shi yana kallon allon da babu komai a kansa.

Yanzu na yi aure, ina da yara. Abin da aka karantar da ni a kan irin wannan alaƙa, har yau a kansa nake. To kukan me na yi? Kuma su waɗanda suka shigo da dariya, me ya rufe musu baki? Ko akwai wanda ya kalla ya ji irin haka?

Uwar Biyu ta rubuta:

Wa'alaikumus salam Malam Matafiyi. Ni ba a silima na gan shi ba, a faifai muka kalla ni da ƙanwata, shekaru bayan ya fito, muka tashi kowacce ido jajur. Amma ka sani, ni ba mazan nan biyu na yi wa kuka ba. Alma na yi wa.

A duk labarinka, dariyar bakin ƙofar nan ta fi ɓata min rai. Dariyar me? Mace ce da yara biyu ƙanana, a ɗan matsattsen gida a saman shagon wanki, tana aiki a kanti don a samu na rufin asiri, ta leƙa ta ga abin da ba ta da sunan da za ta kira shi. Da mace ta gani, ta san yadda ake wannan faɗan, za ta yi kuka, ta kai ƙara, a ba ta haƙuri. Wannan fa? A ƙaramin gari a Wyoming a 1967, wa za ta gaya wa? Haka ta haɗiye, ya shigo yana haki ya gabatar mata da "abokinsa", ta amsa gaisuwa.

Wurin da ya karya ni shi ne na fatsa. Bayan sun rabu, ta sake aure, ga ta da ciki, tana wanke kwanuka shi yana tsaye kusa da ita, sai ta gaya masa cewa ta taɓa ɗaura 'yar takarda a zaren fatsarsa, ta rubuta ya taho musu da kifi gida. Ya je ya dawo yana labarin irin kifin da suka kama suka cinye a can. Ta buɗe akwatin, ga takardarta nan yadda ta ɗaura, zaren ko ruwa bai taɓa ba. Shekaru tana riƙe da wannan a cikinta. Duk macen da ta taɓa yin bincike tana addu'ar Allah Ya sa ƙarya zuciyarta take gaya mata, ta san wannan takardar. Michelle Williams, wadda ta fito a Alma, tana da shekara 25 aka sa ta a takarar Oscar, babbar kyautar finafinan Amurka, saboda wannan rawar, kuma wallahi ta cancanta.

Ita ma matar Jack, Lureen, mutane suna ce mata mai busasshiyar zuciya saboda yadda ta zayyana mutuwar mijinta a waya kamar tana karanta rasit. Ku sake kallo. Da Ennis ya ce mata tsaunin nan ba ƙirƙira ba ne, can suka yi kiwo tare a 1963, ku ji 'yar ƙarar da ta fito daga maƙogwaronta. A wannan daƙiƙar ta gane wanda take magana da shi, ta kuma gane ita wace ce a rayuwar mijinta.

Ni da ƙanwata sai da muka yi musu a daren. Ita Ennis take tausaya wa, wai mutum ne da aka tsoratar tun yana yaro, bai san wata hanya ba sai ya yi aure kamar kowa. Na ce na yarda, ban ce mugu ba ne. Amma tsoronsa ba shi kaɗai ya ci ba. Ya ci Alma, ya ci 'ya'yansa mata biyu, ya ci wata baiwar Allah mai aikin gidan abinci da ta so shi daga baya, ya bar ta ba ko sallama. 'Yan kallo suka fita suna share hawaye a kan riguna biyu. Takardar fatsa fa, wa ya rataye ta a kabad?

Dattijo ya rubuta:

Matafiyi ɗana, ni ban kalla ba, ba kuma zan kalla ba. Amma a shekarar na bi cece-kucen a rediyo da jaridu, don haka ina da ɗan abin faɗa.

Ka ce kukan me ka yi. Kukan da aka shirya maka ka yi. Kada ka ji haushina. Mutanen nan sana'arsu ke nan, kuma gwanaye ne. An kashe wajen dala miliyan 14, aka samo wajen miliyan 178 a duniya. Tsaunukan da suka cika maka ido ma ba na Wyoming ba ne, a lardin Alberta na Kanada aka ɗauka. Mai kiɗan, mutumin Ajantina, sai da aka ba shi Oscar saboda ya san wace tsirkiya zai taɓa hawaye ya zubo. Ka zauna cikin duhu sama da awa biyu, an zaɓa maka abin da za ka gani da abin da ba za ka gani ba, an sa ka saba da mutum, sannan aka kashe shi. In ba ka yi kuka ba ai sun yi asarar kuɗinsu.

Kuma kada a ɗauka duk Amurka ce ta yi kukan nan. A watan da kake zaune a Nebraska, wani attajiri a jihar Utah, Larry Miller, ya janye fim ɗin daga silimarsa. Ofishin cocin Katolika mai auna finafinai ya sa shi a sahun waɗanda ya ce sun saɓa wa ɗabi'a. Shugabansu na lokacin, George Bush, da wani ɗalibi ya tambaye shi a jami'a a Kansas, cewa ya yi bai gani ba, ya fi son a yi hirar kiwo. A ƙasar Sin ba a nuna shi a silima ba, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ta hana. Mutumin da ya ja matarsa suka fita, shi ma ɗan kallo ne, ka ƙidaya shi.

Sai dai ba zan ce maka ka yi laifi don ka yi hawaye ba. Tausayi daban, yarda daban. Zuciyar da ta ga ɗan Adam cikin kaɗaici ba ta motsa ba, ita ce abin tsoro. Haka nan wanda ya tare mutum a hanya ya kashe shi don yana zarginsa, ya mai da kansa alƙali da mai zartarwa, shi ma yana da amsar da zai bayar gaban Allah, kuma mai nauyi ce. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne, mutum ya san lokacin da ake tuƙa shi. Hawaye ba hujja ba ne. Allah Ya yi maka albarka.

Ɗan Zolaya ya rubuta:

Malam Matafiyi, ka ce makulli ne ya zaunar da kai. To hawayen ma makullin ne ya jawo? Allah Ya haɗa mu da abokai masu mota, mu ma mu samu abin fakewa.

Ɗalibar Fim ta rubuta:

Baba Dattijo, da girmanka, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Sana'a ce, abin da muke karanta ke nan. Amma in ka ga wurin rigunan za ka yi mamakin ƙarancin abin da aka sa. Ɗaki ne fari fat, gado, taga, mutum ɗaya ba ya magana. Kiɗan fim ɗin gaba ɗaya ma galibi jita ce guda, ana taɓa ta jefi-jefi. Gwanin darakta ba ya zuba maka abu a zuciya, taɓa wanda ka shigo da shi yake yi. Shi ya sa Anti Uwar Biyu ta yi kuka a wajen wanke-wanke, ƙanwarta a wani wajen, dattijon Nebraska a wajen riguna.

Yaya Matafiyi, dariyar farko ba ta da wuyar ganewa. Kaboyi a wurin Amurkawa shi ne hoton namiji, a kansa aka gina finafinansu na shekaru da tallan sigarinsu. A watannin nan masu barkwancin talabijin ba su da abin zolaya sai fim ɗin, har ya zama mutum yana iya yin dariyarsa bai gan shi ba. Samarin bayanka da wannan suka shigo. Dariya hanya ce ta gaya wa na kusa da kai cewa ni ba ruwana. Tana bukatar mutanen allo su zama baƙi. Da aka yi awa ɗaya ana ganin Ennis yana neman kuɗin ciyar da yara, yana kasa furta kalma biyu a jere, sai ya koma kama da babansu ko kawunsu, dariyar ta rasa wurin zama.

Akwai abin da ya raba kan 'yan kallo har yau: yaya Jack ya mutu? Matarsa ta ce taya ce ta fashe yana ba ta iska, ƙarfen ya same shi a fuska. Tana faɗa, allo yana nuna wasu maza suna dukansa da ƙarfen kwance taya. Fim ɗin bai ce wanne ne gaskiya ba, don hoton yana iya zama abin da ke kan Ennis kawai. Yana ɗan shekara 9 babansa ya kai shi ya ga gawar wani makiyayi da aka yi wa kisan gilla aka jefar a rami, don yana zaune da namiji. Tun daga ranar duk ƙarshen da yake iya hangowa ke nan. Amurkawa kuwa da yawa ba su yi wani kokwanto ba, saboda abin da suka sani. Marubuciya Annie Proulx ta buga gajeren labarin da aka yi fim ɗin da shi a watan Oktoban 1997. Oktoban da ya biyo baya aka yi wa wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 21, Matthew Shepard, dukan kawo wuƙa, aka ɗaure shi a jikin shinge a wajen garin Laramie, a Wyoming ɗin dai, ya cika bayan 'yan kwanaki. A 2009 aka sa hannu a dokar tarayya mai ɗauke da sunansa. Mutanen da ka zauna da su a jihar da ke maƙwabtaka, shekara 7 ke nan da jin wannan labari.

Baba ya kawo waɗanda suka ƙi fim ɗin ta fuskar addini. Akwai kuma waɗanda suka ji haushinsa ta ɗaya ɓangaren, wato wasu daga cikin mutanen da labarin ya shafa kai tsaye. Daga 1934 zuwa 1968 Hollywood tana ƙarƙashin wata dokar tace finafinai da ake kira dokar Hays, wadda ta hana nuna irin wannan alaƙa a fili, ta kuma ce duk abin da ta ɗauka laifi kada a bar shi ba sakayya. Al'adar ta zarce ko bayan dokar ta faɗi: in an nuna irin mutumin nan, kafin a tashi sai ya mutu. Sai wasu suka ce ga shi an sake, jama'a ba sa iya tausaya musu sai sun ga gawa. Ita kanta marubuciyar daga baya ta koka cewa maza suna ta aiko mata da labarin sun sauya masa ƙarshe, sun rayar da Jack ko sun samo wa Ennis wani, har ta ce da ta sani ba ta rubuta ba. A wurinta labarin na wuri ne da zamani da abin da suke yi wa mutum, ba na masoya biyu kawai ba.

Wani abu kuma ya faru a Italiya a Disambar 2008. Tashar gwamnati ta Rai 2 ta nuna shi an yanke wuraren kusantar mazan biyu. Aka yi ta ƙorafi, bayan 'yan watanni ta sake nunawa cikakke. Ku yi tunanin wanda ya kalli yankakken: abokan kamun kifi biyu, mace tana kuka ba a san dalili ba, namiji yana shinshinar tsohuwar riga.

A Oscar ɗin Maris 2006 an sa shi takara a rukuni 8, ya ci 3: darakta, rubutu da kiɗa. Babbar kyautar ta tafi ga wani fim daban, masoyansa har yau ba su huce ba. Rigunan biyu kuwa an yi gwanjonsu a watan Fabrairun shekarar, wani ya saye su sama da dala dubu 100. Anti, takardar fatsa dai ban ji an yi gwanjonta ba.

Matafiyi ya rubuta:

Na gode muku duka. Ɗan Zolaya, ka ci ni, ba ni da ta cewa.

Hajiya Uwar Biyu, kin sa na ji kunya, don ina cikin waɗanda suka yi murmushi a bakin ƙofar nan. Ban faɗa ba a farko. Baba, na karɓi jan kunne, kuma maganar tausayi da yarda ta sauke min wani nauyi. Sai dai akwai abin da ya sa nake ganin ba tuƙi ba ne kawai.

Na sake kallo sau ɗaya, a ƙarshen Janairun 2008, satin da aka ce Heath Ledger, wanda ya fito a Ennis, ya rasu a New York yana da shekara 28. Wannan karon ni kaɗai, kuma na san duk inda tarkon yake. Wajen riguna na daure. Inda na kasa shi ne bayan ya sauko da su a hannu. Uban Jack yana zaune fuska a murtuke, ya dage cewa tokar gawar ɗansa da aka ƙone ba za ta je wani tsauni ba, a maƙabartar dangi za a sa ta. Uwar ba ta ce komai ba. Ta dubi abin da ke hannunsa, ta ɗauko jakar takarda ta buɗe masa ya saka, ta ce ya sake ziyartarsu. Ita ta tura shi ɗakin tun farko. Ta san rigunan suna nan, ta yi shekaru tana share ɗakin tana barin su inda suke. Ban san me take gani game da rayuwar ɗanta ba, fim ɗin bai faɗa ba. Na dai ga ta gane wanda zai fi kowa riƙe su.

Akwai kuma sauran labarin daren nan da ban ƙarasa muku ba. Da muka fito wurin ajiye motoci, na hango dattijon a cikin tsohuwar akori-kurarsa, inji a kunne, fitila a kashe, hannu biyu a kan sitiyari. Muka karkaɗe ƙanƙarar gilashinmu, muka jira mota ta ɗumama, muka ja, yana nan bai motsa ba. Tafiyar minti 20 muka yi ba wanda ya yi magana. Ni ina fushi, ina kuma jin kunyar idona.

Sai ana gobe zan bar ƙasar, muna ɗaure kaya, na tambayi abokin nawa dalilin da ya yaudare ni ranar. Ya daɗe yana naɗe igiya kafin ya amsa. Ya ce yana da kawu, wan mahaifiyarsa, bai taɓa aure ba, shi kaɗai yake zaune a gonarsa. Duk shekara lokacin farauta wani mutum yakan zo daga wata jiha su yi sati biyu a daji. A gidansu "abokin farautar kawu" ake ce masa, ba a ƙarawa, ba a ragewa. Kawun ya rasu watanni kaɗan kafin fim ɗin ya fito. Ranar jana'iza mutumin ya tuƙo mota dare guda ya zo, ya tsaya a can bayan coci da hula a hannu. Dangi suka cika layin gaba. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce masa ga wuri. Kafin a fara cin abinci ya tafi.

Abokina ya ce yana so ya ga fim ɗin, amma ba zai iya zuwa shi kaɗai ba, kuma ba zai iya zuwa da ɗan garinsu ba. Ni ne kaɗai wanda ya sani da bai san kowa nasa ba.

Na tambaye shi ko ya taɓa neman mutumin. Ya ce lambarsa tana rubuce a bangon kicin ɗin kawun, kusa da waya, da fensir. Ya kwafe ta kafin a yi wa gidan fenti a sayar. Ya buɗe walat ya nuna min takardar, ta yi laushi don naɗewa. A lokacin dai bai kira ba.